Sunan da Bai Shiga Jagora Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga shagon buga takardu, Jalingo.

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Kaduna ka huta gajiya. Innarka ce za ta cusa ta cikin jakarka, kusa da ƙullin bandar kifin da ta aika aka sayo maka daga Lau. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba daga gyangyaɗi da ganganci, ya sauke ku lafiya, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama.

Ka ga ban sa suna a sama ba. Ba mantuwa ba ce, kai ma ka sani. Ni ne mutumin da ya shafe wajen shekara talatin yana buga sunayen mutanen garin nan, mai faci da mai shayi da likita da ungozoma, amma sunanka kai ɗan farina bai taɓa fita daga bakina ba, bai kuma taɓa fita daga alƙalamina ba. Shekaranjiya ina cin abinci Innarka ta zauna nesa kaɗan, ta ce, “Malam, yaron nan zai tafi ranar Asabar, kuma zai tafi ne da zaton ba ka ɗauke shi a bakin komai ba.” Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce, “Magana ce dai, na faɗa maka, ruwanka.” Ta kwashe kwanuka ta bar ni da loma a hannu. Dalilin wannan takarda ke nan. Ba na son ka bar gidan nan da wannan zato. Amma ka san halina, ba na iya shiga magana ta ƙofar gaba, sai ka yi haƙuri in zagayo ta hanyar da na saba, wato ta cikin shago.

Lokacin da aka mai da Jalingo babban birnin jiha ina saurayi, ina da ɗan shago kusa da kasuwa da injin hannu guda, ina buga rasit da katin suna. Sai ga baƙi ta ko’ina, ma’aikata da iyalansu, kowa da tambayarsa. Ina mai gyaran mota? Ina ake samun tela mai ɗinkin kwat? Wa ya san ungozoma? Da yake shagona a bakin hanya yake, sai na zama wurin tambaya, in yini ina nuna hanya da hannu, aikina yana kwance. Baba Yohanna, abokin aikina mai ɗinka littafi da sa bango, wanda ka buɗe ido ka gan shi a shagon nan, shi ne ya gaji da abin. Ka san Hausarsa ta Mumuye, har yau bai yarda akwai bambanci tsakanin “ya” da “ta” ba. Ya ce, “Malam, bakinka ba ta gajiya? Ka rubuta a takarda, kowa ta saya ta duba.” Daga wannan maganar aka haifi Jagoran Jalingo, littafin da ke gaya wa mutum wa ke sana’ar me da inda zai same shi. Daga nan kuma sunana na yanka ya ɓace, na koma Malam Jagora.

Bugun farko na yi shi ne da ƙasaita irin ta wanda ya ɗan taɓa boko. Na ce kowa ya ba ni cikakken sunansa kamar yadda yake a takardar haraji, na jera su tsaf bisa haruffa. Littafi ya fito fes, har ina shinshinar tawadarsa. Ba a yi nisa ba sai ga Dogo mai faci na bakin tasha ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ya ce, “Malam, an ce ka sa ni a littafi. Na sa an duba mini daga bango zuwa bango, ba ni ba alamata.” Na buɗe na nuna masa. Na ce ga ka nan, Usmanu Abubakar. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, “Af, wannan ai sunan ranar suna ne. Tun da aka cinye ragon ban ƙara jin sa ba sai a asibiti.” Ashe masu wannan suna a shafin sun fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, kuma babu wanda garin ya sani da shi. Baƙo ya zo yana neman Dogo, littafina yana miƙa masa mutanen da babu wanda ya taɓa ji. Da shekara ta zagayo na sake lale, na bi kowa na tambaye shi, da me ake kiranka?

To, inda za ka haka za ka yi. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a ƙofar ofis ko a katin da mutum ya rataya a wuya. Ka tambayi mutum sunan da yake amsawa, ka riƙe shi, ka gaishe shi da shi. Mai gadi da mai shara da matar da ke sayar da abinci a bakin ma’aikatarku, ka san sunansu tun makon farko. Babu abin da ke buɗe fuskar mutum kamar ya ji baƙo ya riƙe sunansa. Na san abin da kake faɗa a ranka yanzu, wai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ka yi haƙuri, ina sane, ina zuwa wurin.

Kuskure na biyu ya fi wannan zafi, don shi wani ne ya sha wahalarsa ba ni ba. Ina zaune a majalisa bayan la’asar sai wani ya ce akwai gwanin mai ɗori a unguwar Yelwa, gidansa na bayan babbar tsamiya. Na ciro biro na rubuta, na kai shago, na buga. Ban taka ƙafata na je ba, don a ganina Yelwa ai gida ce, mene ne ban sani ba a can. Ashe mai ɗorin ya tattara ya koma Lau tun kafin damina, ita kuma tsamiyar an sare ta wurin faɗaɗa hanya. Wata rana da tsakar rana sai ga wani manomi daga garin Mutum Biyu, riƙe da tsohuwarsa da ta faɗi ta karye a hannu, an ɗaure mata da kara da tsumma. Sun yi ta bulayi a Yelwa cikin zafin nan namu suna neman tsamiyar da babu ita. Da suka gaji ya juya bayan littafin ya ga kwatancen shagona. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ajiye littafin ya yi a kan tebur ya ce, “Malam, littafinka ya kai mu inda babu kowa.” Tsohuwar tana zaune a dakali tana salati a hankali, gumi ya jiƙa mata mayafi.

Rufe shago na yi, na nemo mota, na raka su har Lau. Allah ya taimake ni hannun ya ɗoru. Amma a hanyar dawowa na yi wa kaina doka, kuma har yau ban karya ta ba: ba na rubuta kwatancen kowa a Jagora sai na je gidan ko shagon da ƙafata, na yi sallama, an ba ni ruwa na sha. In ban sha ruwan wuri ba, wurin bai shiga littafi ba. Shi ya sa ka tashi kana ganina kan tsohon babur ɗin nan ina zaga unguwanni kamar mai tallar magani. Na sha ruwan rijiya, na sha na famfo, na sha na randa mai sanyi, na sha wanda sai da na runtse ido. Wani gidan kunu za a kawo, wani gidan fura, wani gidan a ce sai na tsaya an dafa doya. Innarka ta sha yi mini tsiya wai cikina ya zama randar gari. Amma ta haka na san garin nan, ta haka kuma ya san ni.

Aikin da za ka je yi, in na fahimta daidai, ɗan’uwan nawa ne, sai dai ku a cikin waya kuke sa wuraren, mutum ya latsa ta kai shi. To ka sani, a ƙarshen kowane kwatance da ka sa akwai wani mai tsohuwa a hannu. Kada ka sa wuri don an ce maka. Gani ya kori ji. Haka kuma in aka kawo maka labarin mutum, aka ce wane mugu ne, wane maƙaryaci ne, kada ka rubuta shi a zuciyarka sai ka zauna da shi ka ga kamun ludayinsa.

Akwai shekarar da na kusa rasa Baba Yohanna, kuma ban jin an taɓa ba ka labarin. Littafi ya yi kauri, sai wani mai ilimi a ofis ya ba ni shawara wai in kasa mutane bisa yarensu, Fulani a nan, Mumuye a nan, Jukun a nan, Hausawa a can, don baƙo ya yi saurin samun ɗan’uwansa. Abin ya yi mini kyau a kunne. Na zauna na kasa, na buga, na tara takardu a gaban Baba Yohanna ya ɗinka. Ya ɗauki shafi ɗaya, ya ɗauki na biyu, ya ajiye allura.

Ya ce, “Malam, ni ba zan ɗinka wannan ba.”

Na ce saboda me?

Ya ce, “’Yata ya auri Jukun. Ƙanena ta musulunta, tana Yelwa, matarsa Bafulatana. Jikoki fa, za ka yanka su biyu-biyu? In tayarka ya fashe a hanya, kana tambayar yaren mai faci?”

Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce shagona ne, littafina ne, in ba zai ɗinka ba akwai masu ɗinki a gari. Ya ɗauki hularsa ya fita. Kwanaki ina zaune da tulin takardu, kullum in ce yau zan nemo wani, kullum in kasa. Da na zauna na sake karanta abin da idon mai saye, sai na ga ban yi littafin neman mai sana’a ba, na yi littafin da zai nuna wa mai mugun nufi ƙofar da zai buga ranar da hankali ya gushe. Na hau babur na je gidansa, matarsa ta ba ni ruwa, na sha, na ce masa useko, wato ka yi haƙuri, na yi kuskure. Sai ya tambaye ni ko na zo da makullin shago. Muka dawo ya sa wuƙar yankan takarda ya yayyanka su ƙanana, muka rabar wa masu tuya. Shekarar nan rabin Jalingo a cikin wautata suka ci ƙosai.

Kaduna gari ne da za a so a san ko kai wane ne kafin a san me ka iya. Ka riƙe sallarka da kyau, kada ka ji kunyar asalinka, amma kada ka kasa mutane yadda na so in kasa su. Ka jera su bisa hali da amana. In Allah ya ba ka aboki mai iya ajiye allura ya ce maka a’a, ko daga ina ya fito, ka riƙe shi hannu biyu, irinsu ba su da yawa.

Kada ka ɗauka ina rubuta wannan ne cikin baƙin ciki. Wallahi ni dai alhamdulillahi. Na san Jagora ya tsufa tare da ni. Da can in sabon bugu ya fito sai an yi layi, yanzu kuwa tsofaffi ne ke saye, su ma rabi don zumunci. Waya ta karɓe aikin, kuma ta fi ni sauri, ban ƙi gaskiya ba. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to yanzu yaro yana kwance a ɗaki yake hango bayan dutse, babba yana neman tabarau. Ban damu ba. Katin biki da kalanda da takardun makaranta suna riƙe da shago. A cikin sana’ar nan na gina gidan da aka haife ku, na yi muku karatu, na aurar da ƙannena. Babu unguwar da zan shiga a garin nan a rasa mai cewa Malam Jagora, bismillah, shigo ka sha ruwa. Mutum me yake nema a duniya da ya wuce wannan? Saboda haka kada ka tafi kana waiwayen shago, wai ka bar tsoho da inji. Ni da Baba Yohanna mun ishi juna, shi yana ɗinki yana mita, ni ina bugu ina ramawa.

Saura labarin Buba mai gyaran rediyo, wanda ku yara kuka tashi kuna jin ana kiransa Marigayi ba ku san mafari ba. Ni ne mafari.

Ka san al’adar littafin: duk shekara nakan cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mutane suka gane haka, har ya zama in sabon Jagora ya fito wasu ba neman mai sana’a suke fara yi ba, dubawa suke su ga wa ya fita. A lokacin babu wayar hannu, labari da ƙafa yake tafiya. To sai muka sami saɓani da Buba a majalisa. Ya ce wai littafina na masu neman suna ne, shi ko ba a rubuta shi ba duk mai rediyo ya san ƙofarsa. Aka yi dariya. Ka san ni, sai na haɗiye. Da lokacin bugu ya zo na zare sunansa shiru, na ce bari mu gani.

Littafi ya kai Lau. Mijin yayar Buba malamin makaranta ne, duk shekara yana saye. Ya duba wurin masu gyaran rediyo, babu Buba. Ya sake dubawa, babu. Ya shiga gida ya yi salati. Kashegari sai ga mota cike da ’yan ta’aziyya, yayarsa tana kuka tun daga tasha har ƙofar shago. Suka tarar da Buba zaune a kan benci, rediyo a cinya, yana cin gyaɗa. Aka ce yayar tasa zubewa ta yi a wurin, sai da aka yayyafa mata ruwa. Kafin azahar labari ya gama gari, kowa na dariya, sunan Marigayi ya kama shi ram. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, har da riƙe ciki.

Da yamma sai ga shi a shago. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ƙi zama. Ya ce, “Malam Jagora, da ka tare ni a tsakiyar kasuwa ka zage ni ta uwa ta uba, da ya fi mini. Zagi ai da mai rai ake yi. Yayata Adda tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba saboda ni.” Ya juya ya tafi. Na bi shi har gida na ba shi haƙuri, na ba yayarsa, bugu na gaba na mai da shi wurinsa. Ya yafe, mutumin kirki ne, ka ga har yau tare muke zama. Amma sunan bai sake shi ba, kuma duk ranar da na ji yaro ya ce Baba Marigayi sai na ji abin a raina.

In wani ya ɓata maka, ka same shi ka faɗa masa. Ku yi ta ta ƙare. Kada ka hukunta mutum da shiru, kada ka share shi kamar babu shi. Na ɗauka na koyi wannan darasi tun a kan Buba. Ashe ban koya ba, kuma a nan ne maganar ta iso kanka.

Ka tuna ranar da ka shigo shago da wayarka, bayan ka yi watanni kana bin tsofaffin Jagora kana zuba su a ciki, kowane shago da ɗigonsa a kan taswira. Akwai mutane a shagon, ana cinikin katin biki. Ka matso ka ce, “Baba, ga wani abu na yi, ko za ka duba.” Na ɗaga ido na ga abin, na ga garin nan kaf a tafin hannunka. Daɗi ya kama ni. Kuma daidai lokacin na ji idon mutane a kaina, sai na ce, “To, ajiye can,” na juya na ci gaba da maganar kati. Ka ajiye wayar a kan tebur ka fita. Ban ga fuskarka ba, don ban yarda na kalla ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne, mutanen na fita na ce wa Baba Yohanna ya saki labule. Muka sa wayar a tsakiya, tsofaffi biyu da tabarau, muna latsawa tana guduwa. Muka nemo shagon Buba, muka nemo wurin Dogo mai faci da ɗansa ya gada, muka nemo gidanmu har da bishiyar mangwaron ƙofar gida. Ranar ba mu buga ko takarda ɗaya ba. Da la’asar na ɗauke ta na tafi majalisa ina nuna wa kowa. Aka ce kai, wa ya yi wannan aiki? Na ce wani yaro ne. Na san maganar ta dawo kunnenka, don a garin nan magana ba ta kwana a inda aka yi ta. Wani yaro. Bayan ka ji ta ne ka amsa kiran mutanen Kaduna ba ka shawarce ni ba, kuma ban ga laifinka ba.

A majalisar Baba Yohanna ya harare ni ya ce, “Wani yaro? Ɗanka ce, ka faɗa mana.” Aka yi dariya aka wuce. Buba ne bai yi dariya ba. Da aka watse ya riƙe hannun rigata ya ce, “Malam Jagora, ka sake cire wani daga littafi.” Na yi kamar ban gane ba. Na gane sarai. Maganar tana cina tun ranar, sai da Innarka ta zo ta ɗora tata a kai.

Ka san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta ɗan fari, wadda muka gada. Kakanka har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce ina yaron nan, in na yi abin kirki sai ya kau da kai ya yi gyaran murya. Amma ranar da na ce ina son injin buga takardu, sai ya kora saniyar da ya fi so kasuwa, ya aiko ƙanensa ya kawo mini abin da aka samu. Ni na iya karanta shi, ko gyaran muryarsa na san fassararta. Sai na ɗauka kai ma haka kake karanta ni. Na manta kai ka tashi a zamanin da uba ke riƙe hannun ɗansa ya kai shi makaranta, ka ga ƙannenka ina kiran su ina wasa da su, kai kuma sai “kai” da “yaron nan”. Ba na zagin al’adarmu, akwai kyau a cikinta, ita ta hana mu fariya da ’ya’ya a gaban wanda bai samu ba. Amma ni da na san abin da rashin suna ya yi wa Buba a bugu ɗaya, bai kamata in bar ka haka tun haihuwarka ba tare da na ko aiko maka da bayani ba. Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi na tsamiya, ya fi na ƙosai.

To ka ji da kyau, tunda takarda ba ta da ido balle in ji nauyinta. Ina alfahari da kai. Aikin da ka yi ya fi nawa, kuma daɗi na ji da ya fi. Tun ranar da ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne, na fita bayan gida na yi sujada inda babu mai ganina, ban taɓa daina jin daɗinka ba. Na yarda da tafiyarka, na sa mata albarka. In kai ma Allah ya ba ka ɗan fari, ka ji kunyarsa a gaban mutane in ka ga dama, amma ka samu wuri ku biyu ka kira shi da sunansa.

Sauran kuma ka san su. Kada ka yi wasa da asuba. Ka ci abinci a kan lokaci, kada ka zauna gaban kwamfuta har cikinka ya manta da kai. Ka riƙa kiran Innarka, ita ma kunyar ce ke hana ta nunawa, amma wayarta a ƙugu take kwana tun da aka sa ranar tafiyarka. In ka ɓata a gari ka tambaya, matambayi ba ya ɓata, ko da waya a hannunsa.

Ranar Asabar a tasha, na san kaina. Zan tsaya can gefe kusa da Baba Yohanna, shi zai rungume ka yana kwala sunanka kowa na ji, ni kuwa in ce, “To, a sauka lafiya,” in juya ina duba tayar babur. Kada ka ɗauka wani abu ne. Tsohon hali ba ya fita rana ɗaya, kuma ina tsoron abin da idona zai yi a gaban ’yan kamasho.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka sami ɗaki ka zauna, ka aiko mini da kwatance, irin namu, wane masallaci ne kusa, wane mai shayi ne a bakin layi, da me ake kiran mai gidan. Amma ka san dokata, ba na rubuta kwatancen da ban sha ruwan wurin ba. Saboda haka ina nan tafe, in Allah ya kai mu bayan damina. Ka tanadi ruwa.

Allah ya kiyaye ka a tafe da zaune. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin mai sharri, ya tsare maka imaninka da mutuncinka. Allah ya sa ka fi ni ta kowace fuska, ya dawo mana da kai lafiya. Na gwada abin da ke biye a wata takarda daban kafin in sa shi a nan, hannun da ya jera sunayen garin nan kaf sai ya koma kamar na ɗan koyo, in ka ga rubutun ya karkace ka san dalili.

Allah ya yi maka albarka, Sa’adu. Sa’adu, ɗana.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Jagora